Sabis ya iso ƙofar gida, amma bai shiga ɗakin Hajiya ba

Kusan shekara guda mahaifiyata ta yi tana fitowa tsakar gida duk lokacin da ƙanwata da ke aure a Kaduna ta kira ta kiran bidiyo. Sashenta gini ne daban a can ƙuryar gida, kuma da zarar ta zauna a bakin gadonta sai hoton jikokinta ya daskare, murya ta riƙa yankewa, har ta gaji ta ɗauki kujerarta 'yar tsuguno ta koma gindin darbejiyar da ke daura da tagar falona, ko da kuwa ana tsakiyar hunturu ne. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunana, sai dai in jiyo ta daga waje tana cewa, "Kai wannan, abin naka ya sake tsayawa." Amsata a kullum ɗaya ce, wato laifin kamfani ne. A kan wannan zato na sauya layi har sau uku, na ƙara kuɗin datar da nake saye duk wata, na kuma ajiye tsohuwar rautata, wato na'urar da ke karɓo intanet ta raba wa wayoyin gida, na sayo sabuwa mai eriya huɗu, wadda mai shago ya tabbatar mini cewa babu bangon da ba ta ratsawa. Gidanmu yana Tumfure ne, a kan hanyar Bauchi idan za a fita daga garin Gombe, kuma daga ƙofar gida ana hango ƙarfen sabis ƙuru-ƙuru, abin da ya ƙara mini haushi, domin na kasa gane yadda za a ce ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ƙanena ne ya warware mini wannan ƙulli, lokacin da ya zo ƙaramar Sallah daga Abuja, inda yake aikin haɗa kwamfutocin ofisoshi. Da na fara zayyana masa laifuffukan kamfanonin sadarwa bai musa ba, sai ya tambaye ni a wane ɗaki na taɓa auna saurin. Ban taɓa aunawa ba, iyakata kallon sandunan da ke saman fuskar waya. Ya fito da kwamfutarsa da wata gajeriyar waya mai ruwan toka, ya soka kai ɗaya a bayan rautar, ɗayan a jikin kwamfutar, ya buɗe shafin auna sauri. Awon ya nuna megabit 28 a kowane sakan. Daga nan ya karɓi wayata ta hannu muka shiga zagaya gida ɗaki-ɗaki kamar masu neman inda rufi ke yoyo: a falo 24, a ɗakin kwanana 9, a kicin 5, a ɗakin Hajiya kuwa da ƙyar ya kai 1, wani lokaci ma shafin ya ƙi buɗewa. Muka maimaita bayan sallar asuba da kuma bayan isha'i, domin awo ɗaya ba ya zama hujja. Lambobin sun sauya, amma ratar da ke tsakanin falo da ɗakin Hajiya tana nan yadda take. Sai ya ce, "Yaya, kamfani ya kawo maka kayanka har falo. Tsakanin falo da ɗakin Hajiya ne kake zubar da su."

Maganar ta tsaya mini a rai, musamman da na tuna cewa tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin da ɗan garin nan Malam Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, ya sa burin megabit 25 ga mazauna birane da megabit 10 ga mazauna karkara. Ke nan a cikin katanga ɗaya rautata ta cika burin da aka yi wa birni, ɗakin mahaifiyata kuma da ƙyar yake samun ushirin abin da aka yi wa ƙauye buri.

A Hausa, da abin da muke riƙewa a hannu muna magana da zaren ƙarfen da ake ja daga wuri zuwa wuri, duk waya muke ce musu, tun daga zamanin wayar tangaraho. Yau da muka saba ganin wayar hannu ba ta haɗe da komai, har mun fara zaton intanet iska ce zalla, alhali mafi yawan tafiyarta a cikin waya take yi. Saƙon da ya taso daga Turai ko Amurka yana biyowa ne ta wayoyin gilashi da aka shimfiɗa a ƙasan teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, ko Equiano da ta iso Legas a 2022, sa'an nan ya ratso ƙasa fiye da kilomita 1,000 kafin ya iso Gombe, mafi yawa ta wayoyin da aka binne a gefen tituna. Wanda ya manta da haka ya sami tuni a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyi huɗu na ƙasan teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, harkar banki ta tsaya cik a wurare da dama. Ga mai rauta irin tawa, zango biyu na ƙarshe ne a cikin iska: daga ƙarfen sabis zuwa rauta, sa'an nan daga rauta zuwa wayar hannu, wanda shi ne ake kira waifai. Zangon farko yana hannun kamfani, sai ɗan abin da mutum zai iya gyarawa ta wajen zaɓen mazaunin rauta. Na biyun kuwa daga farkonsa har ƙarshensa a hannun mai gida yake.

Da muka ɗauki takarda muka zana taswirar gidan, sai na ga cewa abin da nake nema daga wannan ƙaramar na'ura ya fi ƙarfinta. Idan aka ja miƙaƙƙen layi daga inda take zuwa gadon Hajiya, sai an ratsa bango biyar, uku daga cikinsu na bulo mai inci tara da aka yi wa shafe ciki da waje, ga firji a kicin daidai kan layin, ga ƙyauren ƙarfe, ga kuma tankin ruwa a kan ƙafafunsa a bakin sashen nata. Ƙarfe yana mayar da igiyar rediyo baya kamar yadda madubi ke mayar da haske, ruwa yana shanye ta, kankare mai rodi a ciki kuma ya haɗa halin biyun. Bangon da igiyar ta ratsa a karkace ya fi mata kauri a kan wanda ta ratsa kai tsaye, ko da bulonsu iri ɗaya ne. Nisan da ake tallatawa a jikin kwalin rauta yawanci na wuri ne marar shamaki, mu kuma muna gini da siminti da ƙarfe saboda tsaro da ƙarko. Duk wannan bai ishe ni ba, sai da na ɓoye rautar a cikin durowar da talabijin ke kai, a ƙasa, na rufe ƙofar saboda hannun yara. A watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe kan haura digiri 40, idan na buɗe durowar sai in ji jikinta kamar dutsen guga, kuma sai yanzu na gane dalilin da ya sa takan kashe kanta ta sake tashi da tsakar rana.

Rautar tana watsa waifai a rukuni biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5, gigahaz kuwa shi ne ma'aunin saurin kaɗawar igiyar rediyo. Na 5 ya fi sauri kuma ya fi yawan tashoshi, amma bango ɗaya ko biyu irin namu sun isa su raunana shi. Na 2.4 ya fi juriyar bango, sai dai cunkoso ne a cikinsa, domin a nan mifi ɗin maƙwabta, wato ƙananan rautocin aljihu, da na'urorin Bluetooth da tandun lantarki mai ɗumama abinci duk suke zuba hayaniyarsu, kuma tashoshi uku ne kacal a cikinsa da ba sa taka juna, wato 1 da 6 da 11. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne bayanin da ƙanena ya yi game da eriya huɗun da nake alfahari da su. Waifai zance ne tsakanin biyu, dole kowane ɓangare ya ji ɗan'uwansa. Lasifikar masallacin unguwa tana kawo maka muryar ladan har cikin ɗaki, amma idan ka amsa daga kan shimfiɗarka shi ba zai ji ka ba. Haka wayar hannu take, da ƙaramin batirinta da 'yar eriyar da ke ɓoye a jikinta: tana jin rauta mai ƙarfi har ta nuna maka sanduna biyu ko uku, amma amsarta tana mutuwa a bango na uku. Bugu da ƙari, wayar da ke fama daga nesa tana cinye lokacin kowa, domin a kan tasha ɗaya bi da bi ake magana, mai jan magana kuma yana tsayar da waɗanda ke bayansa.

Akwai wata na'ura da ban ba shi labarinta ba har sai da ya gan ta da idonsa a soket ɗin ɗakin Hajiya, irin wadda ake cewa tana ƙara ƙarfin waifai. Ranar da na sa ta na yi murna, domin sandunan wayar Hajiya sun cika fal, sai dai bidiyon bai daina daskarewa ba. Aikin irin wannan na'ura aikin sanƙira ne, tana saurara sa'an nan ta maimaita, kuma idan da rediyo ɗaya take yin duka biyun ba ta iya saurare da magana a lokaci guda, saboda haka kusan rabin saurin yana tafiya a wurin maimaicin. Ni kuma na ajiye ta a daidai inda sabis ya riga ya mutu, ta yadda abin da take maimaitawa da babbar murya guntayen kalmomi ne da ita kanta ba ta ji sosai ba. A ƙaramin gidan haya, idan an sa ta a tsakiyar hanya inda sabis yake da sauran ƙarfi, tana iya ceto ɗaki ɗaya. A gida mai sassa irin namu kuwa asarar kuɗi ce.

Inda gizo ke saƙar, ga duk mai rautar da ake sa wa layi a ciki, shi ne batun mazauni. Domin ta ji ƙarfen sabis da kyau tana bukatar wuri mai tsayi a bakin tagar da ke fuskantarsa, wato can gefen gida. Domin ta raba wa mutanen gida waifai kuma tana bukatar tsakiya, kuma akwati ɗaya ba ya zama a wuri biyu. Na kawo shawarar mu sayi eriyar waje mu kafa a saman kwano mu jawo wayarta zuwa tsakiyar gida, sai ya nuna mini cewa siririyar wayar eriya ɗanyar igiyar rediyo take ɗauke da ita, wadda ke raguwa da kowace mita da aka ƙara, har idan wayar ta yi tsawo sai ta cinye ribar da eriyar ta samo. Wayar kwamfuta kuwa lambobi take ɗauka, kuma abin da ya shiga ta wannan kai shi ke fita ta wancan, muddin tsawonta bai wuce mita 100 ba. Saboda haka muka fito da rautar daga durowa muka kafa ta a saman bangon falo, kusa da tagar da ke kallon ƙarfen sabis, wannan kaɗai ya ɗaga awon zuwa sama da 35. Muka kuma yanke cewa daga can za a ja waya har sashen Hajiya, a kafa mata nata mai watsa waifai.

Wannan waya a kasuwa da sunan Cat5e ko Cat6 ake tambayarta. Idan aka feɗe rigarta za a ga ƙananan wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu kamar tufkar igiya, kowane biyu da launinsu. Murɗin nan shi ne dukan dabarar. Saƙo yana bin wayoyi biyun a matsayin kishiyoyin juna, duk wata hayaniyar lantarki da ta faɗo daga waje tana taɓa su daidai wa daida, a can ƙarshe kuma na'ura bambancin da ke tsakaninsu kawai take karantawa, sai hayaniyar ta soke kanta. Cat5e tana ɗaukar megabit 1,000 har tsawon mita 100. Cat6 ma haka, kuma tana iya ninka wannan sau goma idan tsawon bai wuce kimanin mita 55 ba. Ga gidan da intanet ɗinsa bai kai megabit 50 ba kowacce ta isa har da ragi, shi ya sa ban ga dalilin biyan kuɗin Cat7 ko Cat8 da ake zuga mutane da su ba. Abin da ya cancanci a kashe wa kuɗi shi ne ƙarfen da ke cikin wayar.

A wani shago mun sami kwali biyu, kowanne an rubuta Cat6 da mita 305 a jikinsa, amma farashin ɗaya ya kusa ninka na ɗayan. Ƙanena ya roƙi guntu daga kowanne, ya feɗe, ya karɓi reza ya kankare bayan ƙarfen. Na mai tsadar ja ne har ciki. Na mai arahar kuwa da aka kankare jan da ke sama sai fari ya bayyana, wato alminiyom ne aka yi wa wankan jan ƙarfe, irin wanda wasu kwalaye ke nunawa da haruffan CCA a wani lungu da ido ba ya saurin kaiwa. Ya sa na ɗaga kwalayen biyu, na ji bambancin nauyinsu da hannuna. Mai shagon bai ɓoye komai ba, murmushi ya yi ya ce, "Alhaji, ai kowa da aljihunsa, kuma mai arahar ta fi tafiya." Alminiyom bai kai jan ƙarfe ɗaukar lantarki ba, kimanin kashi 60 cikin 100 na aikinsa yake yi, yana da saurin karyewa idan an lanƙwasa shi, kuma bakinsa yana dusashewa a cikin kan roba har haɗin ya soma yankewa bayan an manta da ranar da aka yi aikin. A kan mita biyu tsakanin rauta da talabijin mai yiwuwa mutum ba zai lura ba, amma wayar da za a binne a ƙasa ba a nan ake neman araha ba. Sai a shago na uku muka sami ta jan ƙarfe zalla mai baƙar riga mai kauri da aka yi domin waje, muka sa aka yanko mana mita 45, da rara kaɗan a kan abin da muka auna.

Hutun ƙanena ya ƙare kafin a fara aikin, sai ya bar mini sharuɗɗa a rubuce, ni kuma na kira mai wayarin da ya saba yi mana aikin wuta. Niyyarsa ita ce ya zura wayar a cikin bututun da wayoyin wuta suke bi, idan ya fito waje kuma ya rataye ta daga kwano zuwa kwano ta tsallaka tsakar gida. Na ƙi duka biyun. Haɗa ta da wayar wuta a bututu ɗaya haɗari ne idan rigar ɗaya ta goge, kuma doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta tana zuba mata hayaniya, saboda haka muka bar tazarar kusan santimita 30 a tsakaninsu, inda kuma ya zama dole su haɗu muka gitta su, muka kauce wa inbata da injin jawo ruwa. Batun ratayewa kuwa, ga rana, ga guguwar farkon damina, ga babbar matsala wato tsawa. Ba sai aradu ta faɗo a kan gida ba, ko a kusa ta sauka tana iya cusa lantarki mai ƙarfi a cikin dogon jan ƙarfe, ya bi ya ƙone na'urorin da ke kawunansa biyu. Muka haƙa rami mai zurfin kamu guda, muka sa bututun roba, muka toshe bakunansa saboda ruwa da ɓera, muka sa ƙaramar na'urar kariya daga tsawa a kowane kai, haɗe da ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Wanda gininsa biyu suka yi nisa da juna, wayar gilashi ta fi masa, tunda gilashi ba ya ɗaukar lantarki. Na kuma tsaya a kansa kada ya karya ta a kwana, kada ƙusar maƙalawa ta matse ta, kada kuma ya yi mata irin haɗin da suka saba yi wa wayar wuta, na murɗe baki biyu a naɗe da baƙin salatif.

Duk da wannan tsayuwar daka, da aka gama aka kunna sai abin ya ƙi. Haɗin yakan tashi ya faɗi, idan ya tsaya kuma kwamfuta ta nuna ya tsaya a kan megabit 10. Mai wayarin ya fito da na'urar gwaji ya sa a kawunan biyu, fitilu takwas suka kama ɗaya bayan ɗaya a jere, ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, aikina lafiya lau yake, ka gani da idonka." Ni ma na rasa ta cewa. Da dare na kira ƙanena, ya ce in haska kan wayar da tocila in ɗauki hotonsa in aika masa. Minti biyu bai cika ba ya kira yana dariya. Mutumin ya jera wayoyin ne biyu-biyu yadda suka fito daga riga, ruwan lemo da abokiyarta, kore da abokiyarta, shuɗi, sa'an nan ruwan ƙasa, kuma ya yi haka a kawunan biyu, shi ya sa kowace waya ta isa inda aka aike ta, na'urar gwaji ta gamsu. Ga mai aikin wuta wannan shi ne daidai. Amma kwamfuta tana aika saƙo ɗaya ta rami na 3 da na 6 cikin ramuka takwas da ke kan wayar, kuma dole waɗannan biyun su zama tagwayen da aka murɗe tare. A jerin da ya yi, na 3 daga kore ya fito, na 6 daga shuɗi, ke nan an raba tagwaye, amfanin murɗin ya tafi. A gajeriyar waya kuskuren yakan ɓuya, a mita 45 kuwa sai ya tona kansa.

Jerin da aka fi bi, wanda ake kira T568B, yana farawa ne da fari mai ratsin lemo, sai ruwan lemo, sai fari mai ratsin kore, sai shuɗi, sai fari mai ratsin shuɗi, sai kore, sai fari mai ratsin ruwan ƙasa, a rufe da ruwan ƙasa. Kuma ba a warware murɗin fiye da milimita 13 a bakin kai. Washegari mutumin ya dawo, ya yanke kawunan ya sake matsawa bisa wannan jeri, haɗin ya tsaya a kan 1,000 bai sake motsi ba. Ban ga laifinsa sosai ba, domin ba a taɓa nuna masa ba, kuma da idona na ga ya ɗauki hoton jerin launukan ya adana a wayarsa.

Mai watsa waifai na sashen Hajiya bai ci mini ko kwabo ba, domin tsohuwar rautar da na jefa a durowa ita muka tayar. Ƙanena ya bi da ni ta waya mataki-mataki. Muka kashe sashenta da ke raba wa na'urori lambar adireshi, aka bar wannan aiki ga babbar rauta ita kaɗai, tunda ba a sarki biyu a gari ɗaya. Muka ba ta suna da kalmar sirri iri ɗaya da na falo, domin waya ta riƙa sauya sheƙa da kanta idan mutum ya tsallaka tsakar gida, muka sa ta falo a tasha ta 1, ta Hajiya a ta 11. Na kafa ta a saman bangon barandarta, sama da tsayin mutum, eriyarta a tsaye. Talabijin ɗin falo ma na haɗa shi da guntun waya, kuma a nan na ga wata riba da ban yi tsammani ba, domin da aka sauke wannan babban mai cin data daga iska sai wayoyin hannu suka sami sarari. Abin da ba ya motsi daga wurinsa, in dai yana da ramin waya a bayansa, gara a ba shi waya.

Sai batun wuta. Sashen Hajiya ba ya kan inbata, saboda haka duk lokacin da aka ɗauke wuta sai waifai ɗinta ya mutu alhali na falo yana aiki. Na saya mata ƙaramin batir mai bolt 12 da ake yi domin rauta. Da sabuwar na'ura zan saya, da na zaɓi irin wadda ke karɓar wutarta ta cikin wayar kwamfutar kanta, tsarin da ake kira PoE, wanda ke tura kimanin wat 15 ko 30 gwargwadon nau'insa, ta yadda inbatar falo za ta riƙe ta daga nesa. Wannan ma wani dalili ne na gudun alminiyom, domin shi yakan yi zafi ya cinye wutar a hanya.

Akwai abin da waya ba ta gyara ba. Bayan isha'i, lokacin da unguwa duka ta hau kan ƙarfen sabis ɗaya, awon yakan sauko a falo da ɗakin Hajiya baki ɗaya, kuma wannan ba ya hannuna. Haka nan sauya hanyar da intanet ke shigowa gida ba ya sauya halin bulo. Starlink mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ko 5G da MTN ta ƙaddamar a 2022 a kan gigahaz 3.5, kowannensu iyakarsa ya sauke maka kaya a wuri ɗaya cikin gida, daga nan kuma bangon da ya tare tawa rautar shi zai tare tasu. Shi ya sa da wani abokin aikina ya kai ni ganin gininsa da ya kai linta, abin da na roƙe shi ke nan, ya sa a binne bututu na daban kafin a yi shafe, daga wuri ɗaya a tsakiyar gida zuwa falo da zaure da kowane sashe, a bar igiyar ja a cikin kowanne, domin ni sai da na bi bangon falona da farar kwatar roba a fili, kuma uwargida har yau ba ta daina yi mini gorin ta ba.

A awon ƙarshe da na yi da safe, falo ya nuna 36, ɗakin Hajiya 33. Sai dai datar da a da take kai mu ƙarshen wata yanzu a mako na uku take ƙarewa, domin manhajojin bidiyo da zarar sun ga hanya a buɗe sukan ɗaga kyawun hoto da kansu, har sai da na bi wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya na rage musu. Kujerar Hajiya tana nan a gindin darbejiya, amma yanzu tsintar wake take yi a kanta. Ranar Juma'ar da ta wuce ina alwala na jiyo muryar jikokinta tar daga cikin ɗaki, sa'an nan ta ɗaga labule ta ce, "Kai wannan, zo ka gaisa da 'yar'uwarka, ta ce ka daina neman ta."